Na bi sawun sojojin da suka ƙona fadar White House

A watan Agusta na sauka Amurka wajen yayana da ke zaune a jihar Maryland, kuma duk wanda yace maka ƙasar Turawa sanyi ce kawai to bai zo Washington a wannan watan ba, zafi ne mai gumi irin na Legas, kana fitowa daga mota riga ta manne maka a baya. Mutanen gida tun ban gama hutawa ba suke ta turo saƙo a WhatsApp wai sai na ɗauko musu hoto a gaban White House. Ni kuma abun da ke raina daban ne, ina son in ga hanyar da sojojin Birtaniya suka bi a 1814 har suka shiga gidan shugaban Amurka suka ci abincinsa suka banka masa wuta. Wannan gidan dai da muke gani a talabijin kullum. A lissafin zamaninmu lokacin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana raye, sai bayan shekara uku ya rasu, wato 1817.

Na faɗa wa Yaya, yace ai Bladensburg da kake magana ta nan nake wucewa zuwa aiki, shirya muje.

Bladensburg ƙaramin gari ne a bakin kogin Anacostia, kamar kilomita 10 daga ginin majalisar Amurka. Yau idan ka je ba abun da zai nuna maka an taɓa yaƙi a wajen in ba alluna da wani mutum-mutumi na tunawa ba, sai garejin gyaran mota da shaguna da wani wajen shaƙatawa inda yara ke tuƙa ƙananan kwale-kwale. Amma a nan aka yi ta ranar 24 ga Agusta 1814. Asalin rigimar ta faro ne tun Yuni 1812 da shugaba James Madison ya sa hannu aka ƙaddamar da yaƙi a kan Birtaniya, saboda Ingilishi suna tare jiragen ruwan Amurka a teku su kwashe ma'aikatan jirgi su sa su aikin soja dole, sun kuma takura musu kasuwanci da Faransa, ga taimakon da suke ba wa ƙabilun asalin ƙasar, sannan a gefe guda su ma Amurkawan suna da kwaɗayin Kanada, wannan ba ɓoyayyen abu bane. Shekara biyu Birtaniya hankalinta na kan yaƙi da Napoleon, sarkin Faransa. Da ya sauka daga mulki a Afrilu 1814 sai aka samu sararin turo gogaggun sojoji, kusan 4,500, ƙarƙashin Janar Robert Ross, da wani babban hafsan sojan ruwa George Cockburn wanda ya riga ya addabi garuruwan bakin ruwan Chesapeake, shi ne ma ya matsa lallai sai an shiga Washington. Suka sauka a wani ƙauye Benedict ranar 19 ga wata suka tako a ƙasa cikin wannan zafin da nake kuka dashi, sanye da kayan ulu, wasu faɗuwa suka riƙa yi a hanya ba harsashi ba komai.

Abun da yafi ɓata min rai a labarin nan sakacin manya ne. Ministan yaƙi John Armstrong ya kafe cewa Ingilishi ba za su zo Washington ba, wai me zasu samu a ciki, Baltimore zasu nufa, don haka ba a yi wa babban birnin ƙasa wani shirin kirki ba. Da abu ya zo wuya aka tattaro 'yan sa-kai, manoma da 'yan kasuwa da akawu, sun ma fi Ingilishin yawa, aka ba Janar William Winder. Shi kansa Madison ya hau doki ya zo filin. Ingilishi suka tsallako gada suna harba wasu rokoki masu ƙara da ba su cika samun inda aka saita ba amma suna firgita wanda bai saba ba, kafin la'asar layin Amurkawa ya watse kowa ya ranta a na kare. Waɗanda suka tsaya da gaske sune sojojin ruwan Joshua Barney da igwoginsu, har aka harbe shi a cinya aka kama shi. A jikin mutum-mutumin da ke wajen an sassaƙa shi a durƙushe da rauni, kusa dashi kuma akwai wani baƙin mutum riƙe da sandar ɗura igwa, Charles Ball, wanda ya gudo daga bauta ya shiga cikinsu. Na daɗe tsaye ina kallon fuskarsa. Yaya yace Malam rana fa tana yi, nace Yaya ƙara min minti biyu don Allah.

Daga nan muka ajiye mota muka hau jirgin ƙasa na cikin gari zuwa Capitol, don wajen ajiye mota a tsakiyar Washington sai mai rabo. Ginin majalisar a 1814 ba shi da wannan ƙatuwar ƙubbar, ɓangare biyu ne na dutse da wata hanyar katako ta haɗa su, garin ma gaba ɗaya mutanensa ba su wuce kamar 8,000 ba kuma yawancinsu sun gudu. Da Ross ya shigo da magariba aka yi harbi daga wani gida aka kashe dokin da yake kai, suka ƙone gidan. Sai majalisa, suka tara kujeru da tebura da takardu suka cinna, littattafan ɗakin karatun majalisa kusan 3,000 suka tafi a daren. Daga baya ne tsohon shugaba Thomas Jefferson ya sayar musu da nasa guda 6,487 a kan dala 23,950 aka sake farawa. Ma'ajiyar jiragen yaƙin ruwa kuwa Amurkawa da hannunsu suka ƙona ta don kar ta faɗa hannun abokan gaba, don haka sama ta riga ta yi ja tun kafin a kai ga gidan shugaba. Wani akawu mai suna Stephen Pleasonton shi ya cusa takardar shelar 'yancin kai da kundin tsarin mulki cikin buhunan yadi ya loda a keken doki ya fitar dasu zuwa Leesburg a Virginia, da yanzu sai dai labari.

Muka miƙe titin Pennsylvania a ƙasa, hanyar da su Ross da Cockburn suka bi da dare da mutum kamar 150. Tafiyar ta ɗan yi nisa, kilomita biyu da wani abu, muka tsaya wajen masu sayar da abinci a mota muka sayi shinkafa da kaza na halal da ruwan sanyi. Shiga cikin White House sai an nemi izini tun da wuri, don haka mu daga bakin shingen ƙarfe muka tsaya ta ɓangaren arewa, wajen dandalin Lafayette, tare da 'yan yawon buɗe ido da masu zanga-zanga da kwalayensu da jami'an tsaro ko'ina har kan rufin. Gidan bai kai girman da hoto ke nunawa ba. Na ɗauki hoton da aka aiko ni na tura gida, sannan na samu benci na zauna.

Labarin da kowane yaron makaranta a Amurka ya sani shine na matar shugaba, Dolley Madison, wai ita ta tsaya har ƙarshe ta ceto babban hoton George Washington, shugaban Amurka na farko. 'Yar Yaya da ke sakandare ma da na tambaye ta da dare abun da ta fara faɗa min kenan, tace Baffa ai Dolley ce ta ceci hoton. Kuma gaskiya matar ta yi ƙoƙari, ita ta dage kar a bar hoton a baya, ba zan rage mata ba. Amma hoton tsayinsa ya kai ƙafa takwas kuma an ɗaure shi a bango da kusoshi, ba abu bane da mace za ta naɗe ta sa a hammata. Na je na ga ɗan'uwansa a gidan adana hotuna na ƙasa, wanda Gilbert Stuart ya zana a 1796, Washington a tsaye cikin baƙaƙen kaya, hannun dama a miƙe, takobi a hagu, ga tebur da alƙalamin gashin tsuntsu da littattafai a ƙasa, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga fuskarsa. Wanda ya ba da labarin yadda aka yi daga ciki wani yaro ne bawa ɗan shekara 15, Paul Jennings, da aka haifa a gonar su Madison a Virginia. A ɗan littafin da ya fitar a 1865 yace shi da kansa ya shirya teburin cin abinci a ranar, ya ɗauko abin sha ya sa a mazubin sanyi, saboda ana sa ran shugaba da baƙinsa zasu dawo daga filin daga su ci, sai wajen ƙarfe uku ga wani baƙin mutum mai 'yanci James Smith a guje a kan doki yana kaɗa hula yana ihu a fita a fita an ja da baya. Yace uwargidan kayan azurfa ta iya ɗauka ta shiga keken doki, hoton kuma mai tsaron ƙofa ɗan Faransa da mai kula da lambu ne suka sauke shi, sai da aka fasa katakon da ya zagaye shi sannan ya fito.

Teburin da yaron nan ya shirya shi Ingilishi suka tarar, na mutum kusan 40. Suka zauna suka ci suka sha, mutanen da suka wuni suna tafiya da yaƙi. Wani hafsa ya hau sama ya cire rigarsa mai datti ya saka wankakkiyar rigar shugaban ƙasa, Cockburn ya ɗauki matashin kujerar Dolley da wata hular Madison. Sannan aka tara kayan ɗaki da labule aka sa wuta, kafin gari ya waye ba abun da ya rage sai bangon dutse na waje da ya yi baƙi ƙirin. Baitulmali da ke gefe ita ma ta tafi, washegari suka ƙara da ginin ma'aikatar yaƙi da ta harkokin waje. Ofishin jaridar National Intelligencer da ta saba zagin Cockburn ya sa aka fasa, aka watsar da haruffan buga jaridar a titi. Gidajen talakawa dai galibi ba su taɓa ba, wannan ko Amurkawa sun yarda dashi, kuma ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ya tsira bayan shugabansa William Thornton ya je ya roƙe su.

Hujjarsu ita ce ramuwa. A Afrilu 1813 sojojin Amurka sun kama garin York, wanda shine Toronto a yau, aka ƙona ginin majalisar wajen, har sandar majalisa suka ɗauke suka tafi da ita, ba a mayar wa Kanada ba sai 1934 zamanin Franklin Roosevelt. A Disamba 1813 kuma sun ƙona garin Newark a bakin Niagara suka bar mata da yara a cikin dusar ƙanƙara. To kowa da tabonsa. Amma ni ina zaune a bencin nan Benin ce ta faɗo min, 1897, sojojin ruwan Birtaniyar nan dai, fadar Oba ta ƙone aka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa aka kai Turai, har yau ana kan roƙon a dawo dasu. Da Kumasi a 1874. Bambancin shine a Washington sun ƙona sun tafi, a wajenmu sun ƙona sun zauna.

Zamansu a garin bai wuce awa 26 ba. Ranar 25 ga wata albarushin da aka zuba a wata rijiya a Greenleaf Point ya tashi ya kashe musu sojoji, sannan aka yi wata irin guguwa da ruwa mai ƙarfi da ta yaye rufin gidaje, da dare suka sulale suka koma jiragensu. Madison da ya tsallaka Virginia ya zagayo ya kwana a wani ƙaramin gari Brookeville a Maryland, ya dawo ranar 27 ya tarar da toka. Armstrong ya rasa kujerarsa, James Monroe ya haɗa ma'aikatar yaƙi da ta harkokin waje a hannunsa. Majalisa har ta yi muhawarar a tashi daga Washington gaba ɗaya, da ƙyar masu cewa a zauna suka rinjaya.

Daga dandalin Lafayette tafiyar minti kaɗan ce zuwa gidan da ake kira Octagon, a mahaɗar titi na 18 da titin New York, gidan jan bulo mai hawa uku da gabansa ya yi zagaye, ya maƙale tsakanin manyan ofisoshi har zaka iya wuce shi baka lura ba. Nan su Madison suka tare bayan gobarar, kuma a ɗakin sama mai zagaye ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu a Fabrairu 1815, wadda aka ƙulla a garin Ghent ranar 24 ga Disamba 1814. Kowa ya koma kan iyakarsa ta da, maganar kwashe ma'aikatan jirgi da aka fara yaƙin saboda ita ko ambatonta ba a yi ba a takardar. Mai gidan, John Tayloe, yana cikin manyan masu bayi na Virginia, kicin ɗin da bayin ke aiki yana can ƙasa. Shi kuwa White House wanda ya zana shi tun farko, James Hoban ɗan Ireland, shi aka sake kira ya gina a kan ragowar bangon, kuma kamar ginin farko da aka fara a 1792 wannan ma harda bayi a masu aikin. Monroe, wanda ya gaji Madison a shugabanci, ya tare a 1817. Yaya yace shi ya ji wai don a ɓoye baƙin wuta aka shafa masa farin fenti, amma tun 1798 ake shafa masa farar ƙasa don kare dutsen daga ruwa da sanyi. Tabon wutar dai yana nan, lokacin da aka kankare tsohon fenti a ƙarshen ƙarnin da ya wuce an gan shi, aka bar wasu wuraren a haka.

A kusurwar dandalin akwai wani gida ruwan ɗorawa, nan Dolley ta ƙarasa rayuwarta bayan mijinta ya rasu a 1836, cikin talauci, don ɗanta ya cinye dukiyar da caca da bashi. Madison bai 'yanta Paul Jennings ba, ita ma ba ta 'yanta shi ba, sayar dashi ta yi a 1846 a kan dala 200, mutumin da ya yi musu hidima tun yana yaro, wanda yana tsaye a ɗakin lokacin da Madison ya cika. Sanata Daniel Webster ne ya saye shi daga baya ya ba shi takardar 'yanci, ya riƙa biya da aikinsa dala 8 duk wata. Kuma wannan mutumin da aka sayar, ya rubuta cewa yana kawo mata kwandon cefane daga gidan Webster, wani lokacin ma ya ciro ɗan abun da ke aljihunsa ya ba ta. Wallahi da na tsaya a ƙofar gidan nan sai da idona ya kawo ruwa. A 1848 kuma yana cikin waɗanda suka shirya gudun bayi 77 a wani jirgin ruwa mai suna Pearl, aka kamo su. Jikokin jikokinsa an gayyace su White House a 2009 suka tsaya gaban hoton.

Baltimore ma mun je, tafiyar awa ɗaya ce a mota, don can labarin ya juya. Ross bai yi sati uku da ƙona Washington ba aka harbe shi a North Point ranar 12 ga Satumba, a Halifax ta Kanada kabarinsa yake. Jiragen Birtaniya suka kwana suna ruwan bama-bamai a kan sansanin Fort McHenry bai faɗi ba, wani lauya Francis Scott Key da ya kalli abun daga jirgi ya rubuta baitocin da suka zama taken ƙasar Amurka, shi ma mai bayi ne. Tutar da aka ɗaga da safiyar tana gidan tarihi a Washington cikin wani ɗaki mai duhu, ba a yarda a ɗauki hoto ba.

Akwai kuma wasu baƙaƙen da ba a cika ambata ba, waɗanda ke ɗaya ɓangaren. A Afrilu 1814 babban kwamandan ruwan Birtaniya Alexander Cochrane ya yi shela cewa duk wanda ya gudo wajensu za a karɓe shi, ko ya shiga soja ko a kai shi wata ƙasa ya zauna da 'yancinsa. Ba don tausayi ya yi ba, dabarar yaƙi ce, a lokacin Birtaniya ita ma tana da bayi cike da gonakin rakenta a Karibiyan. Amma wanda ke cikin ƙangi ina ruwansa da niyyar wanda ya buɗe ƙofa, mutane suka riƙa satar kwale-kwale da dare suna bin jiragen, maza da mata da goyo, kusan 4,000 a tsawon yaƙin. Aka horar da wasu a tsibirin Tangier aka ba su jan kaya da bindiga, sun yi yaƙi a Bladensburg kuma suna cikin waɗanda suka shiga Washington. Kenan a rana ɗaya ga Charles Ball yana ɗura igwa don kare garin, ga Paul Jennings yana jera faranti a cikin gidan, ga waɗannan suna tahowa da wuta, dukansu 'yan'uwanmu ne da aka kwaso kakanninsu daga Afirka.

Bayan yaƙi Amurka ta nemi a dawo mata dasu a matsayin dukiya, Birtaniya ta ƙi, aka kai maganar gaban sarkin Rasha ya yi sulhu, ƙarshe Birtaniya ta biya sama da dala miliyan 1.2, kuma iyayen gijin ne suka karɓe kuɗin. Da yawa cikin waɗanda suka gudu an kai su Nova Scotia, sojojin kuma aka sauke su a kudancin Trinidad a 1816 aka ba kowa eka 16 na daji ya sare ya noma, zuri'arsu na can har yau ana ce musu Merikin, ƙauyukansu ma da lambar rundunar da kakanninsu suka yi aiki a ciki ake kiransu.